Kifin Wuyan Amarya

Hajiya Sauda ba don son tarihi ta shiga gidan nan ba. Gwiwarta ce ta ƙi, ga kuma sanyin esi da ya bugo ta daga bakin ƙofa. Sun taso daga sallar Juma'a a Masallacin Huaisheng, ita da Hasiya 'yar ƙaninta, ta ce yau ba za a hau mota ba, a taka a ga gari. Ba su yi layi uku ba zafin Guangzhou ya jiƙe mata mayafi har ana iya matse shi.

"Ke, nan ɗin me ake sayarwa?"

"Ba a sayar da komai, Gwaggo. Wurin ajiye tsofaffin takardun unguwa ne."

"To ni ma su ajiye ni na minti goma."

Ɗaki ne dogo, tsit kamar ana zaman makoki, da akwatunan gilashi a jere a tsakiya. Wata tsohuwar 'yar China mai farar safar hannu ta ɗago daga teburinta, ta dube su ta saman tabarau, ta ce nihao, sannu ke nan da yarensu, ta koma kan aikinta. Hajiya ta sami benci ta zube. Da gumin ya ɗan tsane sai idonta ya kama aikin da ya saba, don shi ba ya zuwa hutu. Shekararta ashirin da shida a Kantin Kwari, ko gaisuwar mutuwa ta je sai ta fito da sanin yadin da kowace mata ta ɗaura.

Abin da ke cikin gilashin katuna ne, irin masu hoton nan da ake aikawa ta gidan waya a zamanin da. Sun yi ruwan ƙasa don tsufa, wasu an bi su da fenti da hannu. Duk 'yan wasan dandamali ne na shekaru aru-aru. Wani gemunsa har cibiya. Wani an dasa masa tutoci huɗu a baya kamar motar kamfen. Wani kuma an zane masa fuska baƙi da fari, ya zaro ido.

"Wannan ko aljani ya gamu da shi sai ya yi a'uziyya," in ji Hajiya, tana bin gilashin da ɗingishi.

A na ƙarshe ta tsaya cak. Wata siririyar mace ce, ja zur daga sama har ƙasa, riga da wando da ɗamara. A wuyanta akwai ƙaton kifi na azurfa, faffaɗa kamar faranti, kanta ya fito ta tsakiyarsa, hannayenta biyu sun leƙo ta wasu ramuka kusa da wutsiyar, wata 'yar sarƙa tana lilo a ƙasa. Ta karkatar da kai, idon nan ya yi rau-rau.

"Hasiya. Zo nan. Karanta mini, wace ce wannan?"

To a nan gizo ke saƙar. Shekarar Hasiya biyu a Guangzhou tana yi wa Hajiya tafinta da bibiyar kaya, amma Sinancinta na wata shida ne a aji, sauran duk a shagunan Guangyuan ta tsinto shi: launi, yadi, lamba nawa, rage, gobe, meyo wato babu. In dai ciniki ne, yarinyar da ba ta iya haɗa ido da mutum sai ta sa mai shago ya dafe kai. Amma rubutun jikin katin nan na da ne, da buroshi aka yi shi, kowane harafi kamar an taka gizo-gizo. Ko ɗaya ba ta gane ba.

Kuma Hajiya ba a ce mata ban gane ba. Wanda ya riƙe aikin kafin Hasiya, wani Ghali, sau biyu ya faɗa a rana ɗaya, ta sallame shi a bakin lif. Waya ma ba a fito da ita a gabanta. "In waya ce za ta yi mini tafinta, ke kuma abincin me kike ci?" Haka take cewa. Komawa Kano kuwa, a wurin Hasiya, komawa ce ɗakin nan na Ƙofar Mazugal da su biyar suke kwana, da maƙwabtan da gaisuwarsu ita ce "har yanzu shiru ne?" A nan tana da ɗakinta da makullinta a gidan Babayo mai kago, mai aika kayan 'yan kasuwa gida, da matarsa. Tana da katin jirgin ƙasa, ta shiga ta zauna ta kalli mutane iya son ranta, babu mai tambayarta 'yar gidan wa ce.

Abu ɗaya ta sani tabbas: a China, amare ja suke sawa.

"Amarya ce, Gwaggo."

"Wallahi sai da raina ya ba ni! Kifin fa?"

"Arziki ne. Su a wurinsu kifi arziki ne."

Wannan ma ba ƙarya ba ce, ta sha ganin ana liƙa hoton kifi a ƙofa lokacin sabuwar shekararsu.

"Ramukan hannun fa?"

Hasiya na cikin neman abin faɗa, Allah ya taimake ta Hajiya ta amsa wa kanta.

"Na nuna lalle ne! Kai, mutanen nan akwai kai. Mu muna can amarya na ta ɗaga wa mai hoto hannu kamar 'yan sanda sun tare ta, ashe su tun zamanin kakanni sun yi maganin abin."

Ta zaro waya ta ɗauki katin sau bakwai, hasken wayar na walƙawa a gilashi. Tsohuwar ta yi gyaran murya ta nuna wata sanarwar hana walƙiyar hoto a bango. Hajiya ta ce mata shishe, wato na gode, ta ƙara ɗauka ɗaya.

Saura sati shida bikin Nana Khadija, autar Hajiya, kuma Hajiya ta riga ta rantse a gaban matan layinsu na Kwari cewa abin da 'yarta za ta sa ranar dina babu idon da ya taɓa ganinsa a Kano. Angon, Abdulrauf, kayan sola yake shigowa da su, ya yi shekara bakwai a China, har abokan kasuwancinsa 'yan China su biyar sun yi alkawarin zuwa bikin. Wannan ya fi komai yi wa Hajiya daɗi.

"Za su shigo su ga al'adar kakanninsu a wuyan 'yata. Sai sun yi kuka."

Washegari suka hau bene na uku a wani lungu bayan titin Guangyuan, wurin Laoban Chen mai ɗinki. Laoban ya kalli hoton, ya kalli Hajiya, ya sake kallon hoton. Ya tambayi Hasiya na mene ne, ta ce na taro ne, mutane da yawa, da kiɗa. Ya gyaɗa kai ya ce ba matsala. Shi Laoban mutum ne da in ka ce ya ɗinka wa akuya kwat, tambayarka zai yi lamba nawa take sawa. Aka tsayar da magana: na amarya guda ɗaya da babban kifi, na ƙawaye talatin da ƙananan kifaye. Hajiya ta hana a tura wa kowa hoto, har ita amaryar, don a Kano in zane ya shiga waya ɗaya da safe, kafin la'asar an ɗinka shi a Fagge. Murya kawai take aikawa gida: "Ku dai ku jira kifi."

Hasiya ta gwada nuna wa wayarta rubutun a ɓoye. Wayar ta ce wani abu game da lambu da kuma watan uku. Ta rufe ta, ta ce wa ranta ai ja ja ne.

Kwana tara bayan nan, ranar Litinin da hantsi, suka koma karɓar na amarya. Gaskiya a faɗe ta, abu ya yi kyau. Jan nan kamar ya yi magana, kifin kuma an ƙera shi da ƙarfe mara nauyi, an bi ɓawonsa da duwatsu, an zagaye ramukan hannun da ruwan gwal. Hajiya ta ɗaga shi sama tana hamdala.

Hasiya kuwa masu ɗinkin take kallo, don ita a ko'ina bayan mutane take tsayawa, kuma daga baya an fi gani. Kekuna sun rage gudu. Ana ta zungurar juna da gwiwar hannu. Can sai wata dattijuwa daga keken ƙarshe ta miƙe, ta haɗa wuyan hannayenta biyu a ƙirji, ta langaɓar da kai, ta fara tafiya da 'yan ƙananan taku tana rera wani kuka da siririyar murya. Wata ta ɗauki sandar awo ta saɓa a kafaɗa, ta bi bayanta tana huci tana tunkuɗa ta. Ɗaki ya kaure da dariya. Har Laoban sai da ya juya yana tari.

"Kin gani ko?" in ji Hajiya, bakinta har kunne. "Rakiyar amarya suke mana. Har kukan irin namu ne."

Hasiya ta je bikin 'yan China biyu a shekarun nan. Ba ta ga an bi amarya da sanda ba.

Laoban ya ce gobe ƙarfe takwas za a sa almakashi a yadin ƙawaye. Hasiya ta sa Hajiya a tasi zuwa masauki, ta ce ita za ta biya wurin Babayo kan maganar kago. Ta shiga jirgin ƙasa ta nufi gidan takardun nan.

Tsohuwar mai safar hannu, wadda katin ƙirjinta ya ce sunanta Liang, ta gane ta nan take. Ta yi alamar walƙiyar waya da yatsu ta ɗaure fuska. Hasiya ta ba da haƙuri, ta nuna katin, ta haɗa tambayar da ta yi ta maimaitawa a hanya: wannan wace ce?

Madam Liang ta zauna shekara da shekaru tana jiran wani ya tambaye ta wani abu. Ta ɗauko makulli, ta fito da katin bisa tafin hannu kamar jariri, ta ɓalle da bayani. Hasiya ta kama kalma ɗaya cikin biyar. Ta miƙa mata waya ta ce don Allah ta faɗa a nan, a hankali.

Wayar ta ce: fursuna.

Hasiya ta goge fuskar wayar da gefen hijabi ta sake miƙawa. Wayar ba ta canja ra'ayi ba. Madam ta yi bayani dalla-dalla. A dandamali, jar riga da jan wando irin wannan kayan wanda aka kama ne. Abin wuyan kuma ankwa ce. Ta gaske katako ne mai nauyi da ake ɗaura wa mai laifi a wuya a kulle hannayensa a ciki, amma tunda 'yan kallo kuɗi suka biya, sai a yi wa ta mata siffar kifi a shafa mata azurfa don ido ya ji daɗi.

"Ba amarya ba ce ko kaɗan?" in ji Hasiya. "Ko can daga baya ba ta yi aure ba?"

Madam ta cire tabarau ta share ido. Ta ce ai ba ma mace ba ce. Namiji ne, ya haifi 'ya'ya shida, da ya tsufa ya buɗe gidan shayi a bayan layin nan. Jikansa ne ya kawo katunan a cikin gwangwanin biskit.

Hasiya ta lallaɓa ta zauna a benci.

Ta daɗe tana lissafin ko ta ja bakinta kada ta faɗa. Wa ya san kifin ankwa a Kano? Babu. Mata za su yi ta guɗa, a yi hoto, sati mai zuwa kowace amarya a Gwammaja ta nemi nata. Sai ta tuna teburin nan mai mutum biyar, kowannensu da waya a hannu. Ta hango Nana Khadija ta shigo a hankali, hannaye a kulle, ƙawaye talatin a bayanta kamar an kwaso su daga kotu. Nana Khadijar da ta yi sati tana bin uwarta tana cewa a kai Hasiya China, wallahi tana da kai, shirunta ne kawai.

Da ta koma masauki ta tarar da Hajiya ta idar da azahar, tana zaune a bakin gado da kifin a cinya, tana goge masa ido da gefen mayafi. Kular tuwon da ake kawo mata daga wurin wata Bazabarmiya tana gefe ba a buɗe ba.

"Me Babayon ya ce?"

"Ban je ba, Gwaggo."

"To ina kika je?"

Hasiya ta durƙusa kusa da firij. Ta kalli kafet. Kafet ɗin yana da wani zane mai kama da ganyen kabewa, ta bi shi da ido har bango.

"Matar nan ta jikin kati..."

"Amaryata."

"Ba amarya ba ce."

Hajiya ba ta daina goge kifin ba. "Bazawara ce? Ba komai, wa zai sani."

"Fursuna ce."

"Me?"

"Kama ta aka yi. Jan kayan na gidan yari ne. Kifin kuma..." ta nuna shi da yatsa, "ankwa ce, Gwaggo. Ramukan ba na lalle ba ne."

Hajiya ta ɗago kifin ta leƙa ta ramin ɗaya, ta ga Hasiya a ciki.

"Saura me? Na ga bakinki bai rufe ba."

"Namiji ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta ajiye kifin a kan filo a hankali, ta goge hannu a zani. "Ƙato na ɗauko wa 'yata. Ƙaton ma ɗan fursuna. Na fi sati ina cika wa Kano baki da kifi. Hasiya, rubutun ne ya canja cikin kwana goma, ko yaya?"

"Ban iya karanta shi ba, Gwaggo. Tun ranar ban iya ba. Ja na gani na ce amarya."

Da Hajiya ta yi ihu da an samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta miƙe ta yafa mayafi, ta ce a sa kifin a leda, ita ba a ba ta labari, sai ta ji daga bakin mai kayan. A cikin tasi ta kira Babayo, ta bar wayar a buɗe don kowa ya ji, ta tambaye shi ko akwai kujera ɗaya a jirgin Alhamis. Babayo ya ce ta wa? Ta ce zai ji. Hasiya ta juya tana kallon gadoji da bishiyoyin da aka dasa a jikinsu, tana ƙirga kwana: Talata, Laraba.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci Hajiya ta dire ledar a teburin Madam Liang. Madam ta zaro kifin, ta juya shi gaba da baya, ta taɓa duwatsun da yatsan safa. Ta faɗi wata doguwar magana.

"Me ta ce?"

"Ta ce... ban gane duka ba, Gwaggo. Bari ta maimaita." Hasiya ta ji kamar kujerar Alhamis ta matso da taku ɗaya. Madam ta maimaita. "Ta ce ko a manyan gidajen wasa ba ta taɓa ganin ankwa mai kyan wannan ba."

"Ce mata na gode, Allah ya bar zumunci. Tambaye ta, me ya kai magidanci da 'ya'yansa sa kayan mata?"

Madam ta ce a lokacin hukuma ta hana maza da mata hawa dandamali ɗaya. Ƙungiyar maza su yi matansu da kansu, ta mata su ma su yi mazansu.

"Ashe su ma sun yi Hisba," in ji Hajiya. Ta ja kujera ta zauna. "To ta fito mini da amarya ta gaskiya. Ba na barin gidan nan sai na ga amarya."

Sai da aka cike takarda, aka ba su safar hannu. Ta Hajiya ta tsaya a rabin tafi saboda zobba. Madam ta shiga ciki ta turo wani ɗan keke da kwalaye uku, ta fara jera katuna a kan farin ƙyalle. Hajiya ta manta da fushi na ɗan lokaci, idon Kwari ya tashi.

"Wannan mai farin, mai dogon hannun riga har ƙasa. Wannan ai ita ce."

Hasiya ta tambaya, ta saurara, ta sake tambaya. "Fatalwa ce, Gwaggo. Ta mutu tun farkon wasan."

"Wuce. Mai gashin tsuntsun nan biyu a ka?"

"Shugabar mayaƙa ce. Wai kan mutum take cirewa."

"Uwar miji ke nan. Wuce. Wannan mai ruwan hoda fa, kalli aikin wuyan nan."

"Ban gane ba, bari... Ta ce dila ce. Dabba. Rikiɗa ta yi ta zama mace don ta cinye wani ɗalibi."

"Wannan da ta zare hannun riga ɗaya? Yayin nan zai karɓu."

"Mahaukaciya ce. Wai in aka zare hannu ɗaya, alamar ta zare ke nan."

Hajiya ta jingina da kujera. "Ke tambaye ta, a duk ƙasar nan babu macen da ta sa kaya masu kyau tana cikin hankalinta, da ranta, kuma ba a tsare ba?"

Hasiya ta fassara yadda ta iya. Madam ta yi dariya har ta riƙe tebur, ta ce mace mai hankali da kwanciyar rai wa zai sayi tikiti ya kalle ta? Sannan ta tona can ƙasan kwali na uku ta zaro wani kati mai karyayyen gefe, ta ajiye a gaban Hajiya da hannu biyu. Amarya.

Mutum ne a tsaye, an kifa masa jan ƙyalle tun daga ka har ƙirji. Ba fuska, ba wuya, ba ɗan kunne.

"Lulluɓi," in ji Hajiya. "Na bar Kano, na kwana a jirgi, na sauka a Addis na sake hawa wani, don in zo in ga lulluɓi. Wannan ai ko a Rimin Gado an iya."

Amma ta sunkuya, don a ƙasan ƙyallen, a bakin siket ɗin, akwai wani aikin furanni da tsuntsaye biyu da ya bi gefe ya hau. Ta daɗe a kansa. Ta sa Hasiya ta tambaya sau uku: furen nan ba na makabarta ba ne? Tsuntsayen ba sa cin mutum? Mai siket ɗin ba ta kashe kowa ba? Madam ta ɗaga hannu ta yi rantsuwa irin tasu. Ta ce ma za ta ba su hoton katin mai kyau daga kwamfuta, in dai Hajiya ta yi alkawarin barin walƙiya.

Hajiya ta tuɓe safar da ƙyar. Ta jawo katin farko, na mai kifi, ta dube shi.

"Ita wannan, ko shi, ko ma wane ne. Me ta yi aka kama ta?"

Madam ta ce a irin waɗannan wasanni yawanci ba ta yi komai ba, ƙazafi ne, shi ya sa 'yan kallo suke kuka.

"To ni tawa ta yi," in ji Hajiya. "Tashi tsaye."

Hasiya ta miƙe. Hajiya ta buɗe kifin gida biyu, ta zura mata a wuya a kan hijabi, ta kama hannayen ɗaya bayan ɗaya ta sa a ramukan, ta danna maɓallin ya ce ƙas. Sanyin ƙarfen ya ratsa har haɓa.

"Kano za ki."

"To, Gwaggo." Hawayen da take riƙewa tun hantsi ya gangaro, ga shi babu hannun sharewa.

"Ban gama ba. Ba Alhamis ba, ranar biki. Na riga na ce wa mutane su jira kifi, kuma Sauda ba ta faɗin abu a nema a rasa. Ke za ki sa shi, da jar rigar da wandon. A teburin 'yan Chinan nan za ki tsaya, ki yi musu tafinta a cikinsa tun daga buɗe taro da addu'a har a yanka kek. In sun tambaye ki laifin me kika yi, ki gaya musu da yarensu, tunda kin iya."

"Daga nan fa?"

"Daga nan me? Ki dawo bakin aikinki mana. In na kore ki yau, wa zai ce wa Laoban ya ajiye almakashi? Ni da shishe kaɗai na iya?"

Ta lalubo wayar Hasiya a jaka, ta sa ta faɗi lambar buɗewa, ta nemo Laoban ta kanga mata a kunne. Yana ɗauka Hasiya ta ja majina ta fara: kada a yanka, gobe za su zo da sabon zane, ƙananan kifayen a dakatar. Laoban ya tambaya ko an fasa wasan ne. Ta ce dama ba wasa ba ne, biki ne, na aure. Sai ta ji ya rufe bakin wayar da hannu yana gaya wa 'yan ɗakin, ta ji kekuna sun tsaya, ta ji ihu.

Madam Liang kuwa ta zagayo tebur tana girgiza kai. Ta kama kafaɗun Hasiya ta sauke su, ta tura mata gwiwar hannu ciki, ta sa yatsa biyu ta karkatar mata da haɓa zuwa hagu. Ta ja baya ta duba, ta dawo ta ƙara karkatarwa kaɗan. Ta yi magana.

"Me kuma ta ce?" in ji Hajiya, wayar na hannunta har yanzu.

"Ta ce in zan sa, in sa shi daidai. Wai in riƙa zuwa ranar Laraba da Juma'a ta koya mini tafiyar."

"Ce mata za ki zo. Ki tafi da littafi kuma." Ta ƙara manna mata wayar a kunne. "Shi kuma wannan in ya gama dariyar, ce masa tsuntsayen biyu nake so, kada ya ƙara mini na uku."